Wa Ya Ɗaura Maka Futar Nan?

Zuwa ga toron giwana, inuwar kukata, ruwan randata a tsakiyar zafin Makka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka daga ɗakin Inna a unguwar Misfala, inda nake zaman wankan jego, jiki a gashe, zuciya ta fi shi gasuwa. Yaron yana lafiya, tsotso yake yi ba ji ba gani, hancinka ne sak. Na sa takardar nan ƙarƙashin murfin kular tuwo ne don ka san gidanmu: in na ɗaga waya Inna ta ji, in na rubuta saƙo ƙanwata Hadijatu ta leƙa, ga kunyar ɗan fari da ke hana ni ɗaga kai in ka shigo. To, kunya ta rufe mini baki, amma ba ta riƙe mini hannu ba.

Maigida, wa ya ɗaura maka futar nan, zanen nan na mazan Yaman?

Kada ka yi mini dariyar nan taka mai girgiza tumbi. Ranar Juma'a da ka zo duba mu kaina yana sunkuye, amma na ga abin da na gani. Ɗaurina na san shi kamar yunwar cikina: sama da cibiya, a ninke zuwa hagu, a nannaɗe bakin a kan bel don kada ciki ya ture shi. Wanda ka shigo da shi kuwa a ƙasan ciki yake, an ninke shi dama, an sako masa jela ta gaba irin ta mutanen Yaman. Kuma ya zauna daram! Ka durƙusa ka gai da Inna, ka miƙe, ko motsi bai yi ba. Ya yi maka kyau, wallahi ya yi, kuma kyan nan ne ya hana ni cin abinci.

Ka tuna farkon aurenmu, ya habibi? Kana wuni gaban wutar tsire a titin Mansur, cinyoyinka suna gogar juna har su saɓule, ka dawo gida kana tafiya a wawware. Ka tuna ranar da ka sunkuya ɗaukar buhun gawayi wandonka ya tsage a bainar jama'a, ka dawo ka ce kai da wando har abada, ka shige cikin wata baƙar jallabiya mai kama da tanti? Ka daina zuwa walima, ka daina tsayawa a hoto. Ni ce na je kantin Bayamanen nan na zaɓo maka futa mai gida-gida, kore da baƙi. Ka ce kai, ɗan Kano, ka ɗaura zane kamar mace? Na ce to alhazan da ke wucewa ta ƙofarmu da harami, sarakunansu da talakawansu, masu tumbi da marasa shi, me suka ɗaura? Sai ka ɗaga hannuwa sama, na zagaye ka da ƙyallen, hannuwana biyu sun kasa haɗuwa a bayanka, muka yi ta dariya har da hawaye.

Abokanka su Lurwanu suka sa ka gaba da tsiya, wai Hajiya ta fito kasuwa. Ka dawo kana neman kwancewa, na tare ƙofa na ce koma, ka buɗe ƙirji, ka taka ƙasa a hankali, girman da Allah ya ba ka ba rance ka ci ba. Ka koma. Yau ga Lurwanun nan da tasa futar, tana lilo a jikinsa kamar an rataye ta a kara.

Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi! Ni na fito da kai daga cikin tantin nan, yanzu matan Mansur ke shan kallo. Hadijatu ta nuna mini hotonka a wayarta, kana tsaye gaban tukuba, hannu a ƙugu, kai ka ce hadarin gabas ne ya taso. Ta ce Shatu, mai sayar da waina a gefenka, ita ta ɗauka ta tura wa ƙawayenta. Ta ce har sunanka take kira gatsal, Labaran kaza, Labaran kaza, sunan da ni matarka ban taɓa furtawa ba, Allah ya yafe mini rubuta shi. Wa ya ba ta izini? Ina take lokacin da nake shafa maka man kaɗe a cinya kana cije baki?

An ce kishi kumallon mata ne. To, nawa ya motsa, kuma ga shi ina amayar maka. Da zan taho gida na koya maka ɗauri, ka gwada ya zame, ka sake ya zame, ka ce halas, shi ke nan, za ka koma jallabiya sai na dawo. Na yi maka tsiya, amma a raina daɗi na ji. Mutumin da rabonsa da ganin yatsun ƙafarsa tun yana saurayi, ta yaya zai ga ƙasan cikinsa har ya sako jela a daidai? Dole wani ya tsaya gabanka, kusa, inda nake tsayawa. In Bayamanen nan ne, ka ce shi ne in huta. In Lurwanu ne, ka turo shi ya rantse.

In kuma mace ce, Hasbunallahu, na san abin da zan yi. Ranar da na yi arba'in zan sa abayata in sauka Mansur, in sayi waina, in dube ta sau ɗaya, ya ishe ta.

Amma akwai amsar da ta fi wannan ba ni tsoro, hasken idona. Kada ya zamana kai ne da kanka. Kada ya zamana ka tsaya gaban madubi ka yi ta gwadawa har hannunka ya gano hanyarsa, ka fita kana taƙama ba tare da ka nemi kowa ba. Shatu zan iya da ita. Wannan fa, da wa zan yi faɗa? Na yi addu'a Allah ya cire maka kunyar jikinka, ya amsa, ban san zan wayi gari ina kishin amsar ba.

Don haka ga roƙona, kuma kada ka gaya wa kowa. Ka faɗa mini gaskiya in ka mayar da kular nan, ko wace iri ce zan haɗiye. Amma ranar da na dawo ɗakina, ko ka iya, ka manta. Ka tsaya tsakar ɗaki da safe, ƙyalle a hannu, ka kira ni. Zan ajiye yaron ko yana kuka in zo.

Taka ce ni, da fushina da komai, yau da gobe har ranar da za a sallace ni a Harami,

Maijidda