Gorubarsa a Tsibirin Rahad

Daren Laraba, 14 ga Rajab, Gadarif

Yau Goggo Hajara ta zo daga Hawata don yi mini ta'aziyyar maigidana, Baban Zainabu. Tun da aka binne shi a gonakin Fashaga ban san kabarinsa ba, ba ni da wurin da zan nuna wa 'yarmu Zainabu. Na dafa wa Goggo jabana, gahawarmu ta nan Sudan, na tambaye ta tsibirin da aka haife shi, don aikin riɗi bai taɓa barinsa ya kai ni ba.

Ta share ƙasa da tafin hannu ta zana mini. Ga kogin Rahad ya rabu biyu, ga masallaci a kan tudu, ga inda ruwa ya tare kakanninsu a hanyar Makka har suka yi shuka suka zauna. Ta ce a can in an haifi yaro, ana binne cibiyarsa a shuka ƙwallon goruba a kai.

"Tasa fa, Goggo? Ruwa bai cinye ta ba?"

"Ina fa, 'yata. Tana bayan masallaci, yara sun hana ta sakat da jifa."

Na yi kuka sosai, amma alhamdu lillahi. In ruwa ya janye, Goggo za ta tsallaka da mu.