Rasuwar Malam Illo Mahamane, Wanda Ya Hana a Rufe Mikoro

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Zauren Karatu na Hausawa Mazauna Tamanrasset, a madadin shugabansa Alhaji Abdurrahman Rashidu, da 'yan kwamiti, da ɗaukacin membobinsa na nan Aljeriya da waɗanda ke biye da mu daga Agadas, Damagaram da Maraɗi, yana sanar da jama'a cewa labari ya iso mana na rasuwar babban mai karatunmu, ɗaya daga cikin dattawan da suka kafa wannan zaure, Malam Illo Mahamane, mai butiki, wato kantin shayi da sukari, a unguwar Gataa El Oued, wanda Allah ya yi wa cikawa ranar Talatar da ta gabata a gidansa da ke unguwar Tahaggart, bayan doguwar jinyar ciwon zuciya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi masa sutura a ranar, bayan sallar azahar, kamar yadda addini ya tanada.

Duk wanda ya daɗe a garin nan ya san irin ta'aziyyar da muka saba yi. Bawan Allah zai zo neman abinci, ya yi aikin gini ko dako, ajali ya riske shi, mu wanke shi mu kai shi makwancinsa, sa'annan mu tsaya muna kallon juna don babu wanda ya san uwarsa ko garinsu. Wannan shi ne abin da marigayin ya fi tsoro a rayuwarsa, kuma bai taɓa ɓoye shi ba. Ya baro wani ɗan ƙauye da ke arewa da Tanut yana saurayi, a shekarar farin da ya cinye dabbobi ya watsa mutane. Da ya ɗan samu abin hannu ya koma da tsaraba, sai ya tarar da kangaye da rijiya busasshiya, kowa ya yi gabansa. Ya yi cigiya har ya gaji. Mai ɗakinsa, marigayiya Bilkisu, ta riga shi, kuma Allah bai nufe su da haihuwa ba. Shi ya sa duk lokacin da muka dawo daga irin waccan jana'iza yakan ce mana, “Haka za ku yi da ni, ku rubuta ta'aziyya ku rasa wanda za ku miƙa wa.”

A ƙofar butikinsa aka haifi wannan zaure. Kowace Juma'a bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarmi, a ɗora shayi, ya ɗauko littafi, na boko ko na ajami, na labari ko na tarihi, ya karanta wa 'yan kasuwa da leburori, waɗanda suka yi lekkol, wato makarantar boko, da waɗanda ko ƙofarta ba su taɓa leƙawa ba. Karatunsa ba irin na kowa ba ne. In wani a cikin labari ya tafka wauta, sai ya kifa littafin a cinya, ya buga tsaki, ya ce, “Kai, ɗan nan, wa ya aike ka?” kamar mutumin yana zaune a gabansa. Daga nan sai gardama ta ɓarke, wani na kare ɗan labarin, wani na cewa a bar shi ya ɗanɗana kuɗarsa, har a kira magariba ba a kai ƙarshen shafi ba.

Da annobar korona ta shigo, aka hana taro, aka rufe iyaka, membobinmu da dama suka maƙale a Nijar, kwamiti ya yanke shawarar a dakatar da zaure sai abin da hali ya yi. Marigayin ya ƙi. Dattijon da a da ko saƙon salula sai an buɗe masa, shi ne ya dage sai an koya masa kiran bidiyo. Ya jingina salularsa da gwangwanin madara, ya ci gaba da karatu kowace Juma'a, mu kuwa muna kallonsa daga ɗakunanmu, wani lokaci fuskarsa, wani lokaci hularsa kawai, wani lokaci rufin ɗaki. In rezo ya ɗauke, layi ya yanke, sai ya jira, in ya dawo ya koma baya ya sake karanta wa wanda aka bari. Masu kwana su da yawa a ɗaki ɗaya a Gataa El Oued, waɗanda aiki ya tsaya musu cik, sun shaida cewa wannan karatun ne kaɗai abin da suke ɗokin zuwansa a mako.

Sai dai jama'armu, Allah ya shirye mu, ba mu iya rufe mikoro, wato abin ɗaukar murya na salula, ba. Ana tsakiyar karatu sai ka ji ana daka a Maraɗi, jariri na tsala kuka a Agadas, wata na kiran mai ruwa a Damagaram. Kwamiti ya kafa doka cewa kowa ya rufe nasa in ba magana zai yi ba, kuma mai sa hannu a wannan takarda har gobe yana kan bakansa cewa kukan akuyar gidan wani membanmu, Malam Sufyanu, ya wuce gona da iri. Marigayin ya sa ƙafa ya shure dokar. Cewa ya yi, “Ku bar mini su a buɗe. Ni da na yi shekaru ban ji ƙarar turmin gida ba, yanzu ta zo har ɗakina ku ce a rufe?” Aka yi ta ja-in-ja, amma tunda littafin a hannunsa yake, dole aka bi shi.

Cikin waɗanda rufe iyaka ya tsare akwai Malama Rakiyatu, mai sayar da atamfa, wadda ta je suna Tanut hanya ta rufe a bayanta. Ita a tsakar gida take kifa turmi ta ɗora salula, matan unguwa su kewaye suna saurare, kuma ba shakka nata mikoron ma a buɗe yake. Cikinsu akwai wata dattijuwa mai saƙar tabarmi, Inna Adawiyya, wadda ta yi makonni tana zuwa ta zauna a gefe tana saurare. Ran nan wani a cikin labari ya sayar da raƙuminsa a tsakiyar tafiya, marigayin ya kifa littafi ya buga tsakinsa ya faɗi maganar da ya saba. Kafin kowa ya yi dariya sai muka ji muryar tsohuwar tana cewa, “Rakiya, don Allah tambayar mini mai karatun nan, shi ne Illon Inna Laure? Haka Babanmu ke cewa in mun yi ɓarna.”

Babu mutum ɗaya a Tamanrasset da ya san sunan mahaifiyarsa. Muna kallo ya cire tabarau ya kasa mayarwa, ya matso har fuskarsa ta cika salular, ya ce, “Yaya Ada, ashe kina duniya?” Wallahi ranar ba a ƙara karanta ko layi ɗaya ba. Manyan 'yan kasuwa masu furfura sun yi kuka a gaban 'ya'yansu, kuma babu wanda ya ji kunya.

Daga nan sai fargaba ta koma wani wuri. Ciwonsa na ƙaruwa, likita ya hana shi doguwar tafiyar sahara, iyaka kuma a rufe, ita ma shekaru sun ja. Kowace Juma'a bayan karatu mukan bar musu layi su yi hira, ta ba shi labarin yadda suka yi gudun yunwa, da inda aka binne iyayensu, da 'ya'yanta da bai taɓa gani ba, mu kuwa zukatanmu na ɗar-ɗar kada ajali ya riga hanya buɗewa. Allah cikin ikonsa ya ara masa kwana. Da zirga-zirga ta dawo, Inna Adawiyya ta hau mota tare da babban ɗanta Sadiƙu, suka bi ta Agadas da Arlit har suka iso, ta sauka da ƙullin garin gero da daddawa, tana faɗan cewa ƙaninta ya rame don babu mai yi masa tuwon kirki. Ta zauna da shi a Tahaggart har ƙarshe. Ita ta yi jinyarsa, a kan cinyarta ya yi kalmar shahada, kuma ɗan yayarsa ne ya shiga kabari ya karɓe shi.

Saboda haka muna faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba: mun yi babban rashi, amma zukatanmu sun yi sanyi. Abin da ya daɗe yana tsoro bai same shi ba, kuma mun gode wa Allah da ya sa dattijon nan ya fi kwamiti taurin kai.

Zauren Karatu yana miƙa ta'aziyyarsa ga yayar marigayin, Inna Adawiyya Mahamane, da Malam Sadiƙu da ƙannensa, da sauran dangi na Tanut, da abokan kasuwancinsa, da maƙwabtansa Larabawa da Buzaye waɗanda suka cika sahu a jana'izarsa. Muna roƙon Allah, Mai rahama Mai jinƙai, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da iyayensa da mai ɗakinsa a Aljanna Firdausi, ya ba iyalansa da mu duka haƙuri da juriyar wannan rashi. Muna kuma godiya ta musamman ga Malama Rakiyatu, wadda har yau ba ta san inda ake danna mikoro ya rufe ba.

Za a ci gaba da karatu ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar, a ƙofar butikinsa da kuma ta bidiyo ga na nesa, daga shafin da ya tsaya. Kwamiti ya soke dokar rufe mikoro baki ɗaya, har da ta akuyar Malam Sufyanu, domin ba mu san wanda ke zaune a gefen tsakar gida yana saurare ba.

Wannan takarda kuwa, shugabanmu da 'yan kwamiti za su kai ta da kansu gidan marigayin a Tahaggart, a karanta wa yayarsa a gabanta, a damƙa mata ita a hannu. Malam Illo, mun rubuta ta'aziyyarka, kuma mun samu wadda za mu miƙa wa.

Harisu Tijani Tasawa
Kakakin Zauren Karatu na Hausawa Mazauna Tamanrasset
A madadin Shugaba da 'Yan Kwamiti