Mabuɗin Ɗakin Sahabi

Filinge, 12 ga Nuwamba, 2000

Zuwa ga ƙanena Sahabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Salamatu da yara, ya kuma tsare ku daga abin da muke ji a rediyo game da Abijan. Kullum da safe sai Inna ta sa an kunna mata labaru, kuma da ta ji an ambaci garinku sai ta ajiye duk abin da ke hannunta. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Gwiwar Inna tana nan yadda ka sani, ran da ta ga dama ta bar ta ta je kasuwa, ran da ba ta ga dama ba ta zaunar da ita. Daminar bana ta zo da ƙarfi ta ɗauke da wuri, hatsi bai cika rumbu ba, amma ba mu kai ga kuka ba. Ni kuma ina nan ina fama da matan da nake koya wa karatu, waɗansu har sun fara rubuta sunan mazajensu.

Abin da ya zaunar da ni rubutu ba labarin hatsi ba ne. Tahiru direba ya dawo daga wajenku makon jiya, ya zo gaida Inna hannu rabbana, babu takarda babu saƙon baki, abin da ba ka taɓa yi ba cikin shekara goma sha uku. Da na tsare shi a zaure, sai ya ce shi ne ya gaya maka ƙanenmu Manzo ya rushe ɗakinka, kai kuma ka ce yanzu ka gane matsayinka a gidan ubanka, ko Abijan ta kama da wuta ba ka da inda za ka kawo iyalinka. Wallahi maganar nan ta yi mini zafi. Tahiru bai yi ƙarya ba, an rushe ɗakin. Sai dai ka san halinsa, kan labari yake ɗauka ya bar sauran a tasha. Don haka ka bari yayarka ta ba ka shi duka, in ya so ka yi fushinka da hujja.

Na san abin da ɗakin nan yake a wurinka. Ban manta da yadda ka saro goruba a kwarin dallol zamanin soja ba, ka jawo azara a amalanke, masu tsaron daji suka biyo sawu suka tarar ta riga ta hau bango. Kwana uku ka yi a hannunsu, marigayi Baba yana kai da kawowa har aka sake ka. Ko damina ɗaya ba ka yi a ciki ba kunya ta kore ka zuwa kurmi. Tun ran nan mabuɗin yake ɗaure a bakin zanen Inna, kuma ba a taɓa wayewar gari ba ta share ƙofar ba. To amma gara ba ruwanta da wannan tarihi. Bara rufin ya lotsa a tsakiya, Inna ta buɗe mana mu duba, na miƙa hannu na danna azara da yatsa, yatsan ya shige, gari ya zubo mini a ido. Cikin azara goma sha ɗaya, guda ce kawai ke da sauran rai. Maganar sabuwa kuwa, in ka ga dallol yanzu sai ka yi hawaye. Gorubar da muke jifa muna yara ta koma kututture, wadda ta rage an hana taɓawa, kuma gaskiyarsu ne.

Ana cikin haka wani porje, irin shirin nan na taimakon raya ƙasa, ya kawo wa magina horon abin da suke kira gini ba icce, Manzo ya ba da sunansa. Ni ce ta fara yi masa dariya. Ƙananan tubala ake bugawa, a tada bango mai kauri, a kafa sanda a tsakiyar ɗaki da waya ɗaure a kanta, magini ya riƙa jera tubali zagaye bayan zagaye yana auna kowanne da wayar nan, har rufin ya haɗe a sama ya zama tulluwa. Babu azara, babu kara, babu kwano, tubali ne ke riƙe ɗan'uwansa. Baba Na'Allah, wanda ya gina mana zaure, shi ne shugaban ƙungiyar magina yanzu. Da farko cewa ya yi shi ba zai kwantar da jikokinsa ƙarƙashin tukunyar da aka kife ba, amma kafin wata biyu su cika shi ke gyara wa samari hannu. Ka'idarsu ita ce ba a ba mutum diflom, wato takardar shaidar ƙwarewa, don kawai ya zauna horo. Sai ya gina wa wani ɗaki na gaske, ɗakin ya ci damina guda, a zo a duba, sannan mai ɗakin ya sa hannu a takarda cewa ya gani ya yarda.

Masu ɗaukar horon su goma sha biyu ne, kowa ya samu wurin gwaji, wani shagon ɗan kasuwa, wani ɗakin ajiyar hatsi na ƙauye, sai Manzo kaɗai ya rage. Ya zaga gari har takalminsa ya tsinke, duk wanda ya tunkara sai ya ce masa ya fara gwadawa a gidansu tukuna. Ya je wa Inna da maganar ɗakinka, ta ce ba nata ba ne balle ta bayar. Na ce ya rubuta maka, ya ce kafin takarda ta je ta dawo ruwa ya sauka, tubali kuwa ba ya bushewa da damina. Na ɗauka magana ta mutu. Ranar wata kasuwa ni da Inna muka dawo da la'asar muka tarar da rufin a ƙasa. Ta sama ya shiga tunda mabuɗi ba ya hannunsa, ya fito da akwatinka da tabarma da fitila ya kai ɗakin Inna, ko ƙwarzane babu. Ba zan wanke shi ba, Sahabi, ya yi laifi, kuma laifin babba ne. Inna ta shige ɗaki ta saki labule. Ni kuwa na faɗa masa maganar da har maƙwabta suka leƙo ta katanga, na yi sati biyu ban amsa gaisuwarsa ba.

Ga abin da Tahiru bai kai maka ba. Manzo bai ɗebo ƙasa daga waje ba sai ɗan ciko. Tsohon bangonka ya farfasa, ya jiƙa, ya cuɗa, ya buga tubalan da ita, wato ƙasar da ka taka da ƙafarka ita ce ta sake tashi. Da na tambaye shi bayan mun shirya, ya ce ai kowane magini ya san ƙasar tsohon bango ta fi kama jiki. Haka ne, amma ni na lura ko kwando ɗaya bai bari an fitar daga gidan ba. A gurbin na da ya gina shi, ƙofa tana kallon inda take kallo, ƙyaurenka na langa-langa ya mayar, da kwaɗonka. Azarar nan mai rai tana jingine a ɗakin Inna tana jiranka. Ran da aka gama, cikin zafin bazara, na shiga da tsakar rana musamman don in nemo aibu, na fito ban samu ba, ɗakin sanyi kamar gindin randa. Cikin Agusta aka yi wani ruwa tun daga azahar har la'asar sakaliya, ɗakuna uku suka faɗi a unguwarmu. Manzo yana tsaye a tsakar gida sharkaf yana kallon indararo, na kira shi ya shigo ya ƙi. Da aka ɗauke Inna ta buɗe, ko ɗigo babu a ƙasa. Washegari Baba Na'Allah ya hau kan tulluwar da ƙarti bakwai suka yi ta tsalle, mata suna salati, ɗakin ko gezau.

Watan jiya aka zo dubawa. Wani ma'aikacin porje ne daga Yamai, da ma'auninsa da takardunsa, tare da Baba Na'Allah. Ya auna kaurin bango, ya ƙwanƙwasa yaɓe, ya hau ya duba hanyar ruwa, ya sauko ya ce cikin ɗakunan da ya gani babu kamar wannan. Sai ya fito da takarda ya tambayi wane ne mai ɗaki. Aka ce yana Abijan. Ya ce ba komai, Inna ta dangwala yatsa, ko ni in sa hannu, ko ma a rubuta sunan Manzo tunda gidan ubansa ne, babu wanda zai bi diddigi. Baba Na'Allah ya ce haka za a yi, kada yaro ya yi asarar wahalarsa. Ba zan ɓoye maka ba, ni har na karɓi biro na sunkuya. Sai Manzo ya zare takardar daga ƙarƙashin hannuna. Ya ce ɗakin yana da mai shi, sunansa Sahabi, shi za a rubuta. Ya ce ya riga ya ɗauki ɗakin yayansa sau ɗaya bai tambaya ba, ba zai sake ɗauka a rubuce ba, don takardar da aka buga wa hatimi ta fi kowa a gidan nan tsawon rai. Mutumin Yamai ya yi ta lallashi, Baba Na'Allah ya kira shi mai taurin kai irin na ubansa, bai motsa ba. Na ji kunyar biron da ke hannuna, na ajiye shi a kan tabarma.

Haka aka yi bikin raba diflom a gaban sufurefe, shugaban gundumarmu, da kujeru da lasifika, mutum goma sha ɗaya suka karɓa. Manzo ya je, ya tsaya cikin jama'a ya tafa musu, ya dawo gida ya kama buga tubali. Yanzu ga inda maganar take. Akwai azuzuwan lekol, wato makarantar boko, da za a gina a Abala da ɗakin shan magani a Bonkuku, kuma masu diflom kaɗai za a ba ragamar aikin. Ƙarshen Disamba za a rufe rubuta sunaye, porjen ma an ce ya kusa naɗe tabarmarsa, ba mu san ko za a sake zuwa dubawa ba. In takardar nan ba ta samu hannunka kafin nan ba, Manzo zai tafi Abala ne a matsayin mai miƙa tubali ga waɗanda shi ya riƙa gyara wa layi. Duk ya rame, kuma ni abin yana ci mini rai.

Na ce masa to a ba Tahiru takardar ya kai maka ka sa hannu, nan ma ya ƙi. Ya ce abin da aka rubuta a ciki shi ne mai ɗaki ya gani ya yarda, kai kuwa ba ka gani ba. Ya ce in ka zo ka duba bai yi maka ba, da hannunsa zai sauke tulluwar, ya nemo maka azara ko daga Gaya ne. Daga nan ya shiga ya ajiye takardar a alkukin da ya yi maka a bangon gabas, ya fito ya datse kwaɗo, ya mayar wa Inna mabuɗi. Har yau babu wanda ya kwana a ɗakin nan, ko shi da ya gina. Ku biyun nan Allah ya haɗa ni da ku, ɗaya ya yi fushi daga nesa bai tambaya ba, ɗaya ya yi laifi ya kasa buɗe baki ya ba da haƙuri sai dai ya azabtar da kansa. Ni dai abin da na sani, azumi ya ƙarato, ƙaramar salla za ta faɗo kafin Disamba ya ƙare, soja sun koma bariki tuni, masu tsaron dajin da kake jin kunyarsu kuma sun tsufa sun manta da kai. Ka kwaso Salamatu da yara ku zo mu yi salla tare. In za ka yi wa Manzo faɗa ka yi masa a tsakar gida, ni zan taya ka.

Inna tana gaishe ka, tana gaida Salamatu, ta ce a shafa mata kan Ibrah da Mariama, jikokin da ba ta sani ba sai a hoto. Maigidana Malam Alhassan yana gaishe ku da addu'a. Baba Na'Allah ya ce in gaya maka har yanzu yana jin haushin yadda ka karkace masa kusurwa ran da ka taya shi ginin zaure. Manzo bai san da wannan takarda ba, don haka ban sa gaisuwarsa ba.

Ban gaya wa Inna abin da ka faɗa wa Tahiru ba, amma ba ta buƙaci a gaya mata ba. Da ta ga ina rubutu ta tambaye ni wa nake rubuta wa, na faɗa mata. Ta zauna ta kwance bakin zanenta, ƙullin ya ƙi, sai da ta sa haƙori. Abin da za ka ji mai tauri a ƙasan ambulan ɗin nan shi ne. Ta ce ita ta tsufa da gadin ɗakin da yake da mai shi. Ka adana shi da kyau a hanya, Sahabi, don takardar Manzo tana kulle cikin ɗakin, kuma duk Filinge babu wani mabuɗin sai wannan.

Allah ya kawo ku lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka yayarka,
Habsa