Ɗanjuma Ya Fasa Zaman Ruhubanawa

Hajiya, an haihu! Matar Ɗanjuma ta sauka lafiya, namiji ne, kunnuwansa naki ne sak.

Assalamu alaiki. Ki yafe min, murna ce ta sa na tsallake gaisuwa.

Kin tafi da damuwar tilon ɗanmu a ranki. Kin tuna sanda ya dawo daga jami'a da littattafan ruhubanawa, Kiristocin Turai na zamanin da, masu barin gari su kulle kansu a gidan ibada? Ya ce rayuwarsu ce ta burge shi, shi da aure har abada. Kullum kina cewa, "Malam, gidan nan a kansa zai ƙare."

Da ɗan bokon da na tsinta a ajin yamma bayan furfura, na bi littattafan nan ina haɗa baƙi. Ƙarti majiya ƙarfi, Hajiya, ba mata ba 'ya'ya! A aske tsakiyar kai, a bar gashi zagaye kamar gammo. A kaɗa ƙararrawa su yi waƙar ibada, a sake kaɗawa su tafi gona. Wajen cin abinci ba mai cewa uffan, mai son gishiri sai ya yi nuni da yatsa. Na yarda suna kwafar littattafai, suna ciyar da baƙo, mutane na zuwa neman addu'arsu. To, sai me? Mutum ya mutu, a miƙa wa wani rigarsa, shi ke nan.

Rayuwar nan ce ɗanki ya kwaikwaya. Ranar da ya nuna miki yaji da yatsa kika ce, "Kai, bakin naka haya ka bayar?"

Da kika rasu, gidan ya yi shirun da Ɗanjuma yake nema. Ya ɗanɗana, bai ji daɗi ba. Da ƙafarsa ya zo ya ce min ya ga wata malamar makaranta a unguwar Sheshe.

Yanzu haka yana tsakar gida, jariri na tsala kuka, shi yana yi masa waƙa da muryar nan tasa mara daɗi. Da ma kina nan ki ji.

Allah ya haskaka kabarinki, ya raya mana jaririn.

Asabar suna. Na gaya wa wanzami ya aske kan tas, kada ya bar ko zagaye. Jama'ar Dala, da duk mai karanta wannan, ku zo ku gani!

Mijinki,
Malam Inuwa