Kifayen Suna Cikin Tukunyarki

Ranki ya daɗe,

Kogon ya tsaya! Duwatsun nan uku da kika rantse za su fasa mana tankin kifi, yau na gama da su. Na kwashe yashin tas, na shimfiɗa soso a gindin tankin, na zaunar da babban, na ɗora ƙananan na liƙe da gam. Na tura da hannu, ko gezau! Rawar da na taka a falo ce ta makarar da ni aiki.

Sai jibi gam zai bushe. Bokitinmu na yoyo, shi ya sa na juye kifayen a babbar tukunyarki. Don girman Allah kada ki ɗora ta a wuta. Su bakwai ne, na ƙirga.

Injiniyan gidanki