Ruwan da Ka Bari a Karafan

Baban Usman,

Sallama a gare ka, da gaisuwar mace ga mijinta. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Babu mai kai saƙo maƙabartar Baƙi'a, mu mata kuma iyakarmu bakin katanga, mu yi maka addu'a mu juyo. To amma bakina ya saba da ba ka labari, kuma wannan labarin in ban ba ka ba, wa zan ba?

Na fita takaba. Gida lafiya ƙalau. An mayar da 'yarmu Hafsa aikin safe a asibiti, ta huta da kwanan zaune. Usman yana can Yanbu, matarsa tana da juna biyu, ashe tun kana da rai aka samu, ba su sani ba. Maƙwabcinmu mai dabino a gindin Uhudu har yau yana aiko mana da ajwa ran Juma'a, wai haka kuka saba.

Karafan ɗinka ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka tuna ranar da ka jawo shi ƙofar gida? Ɗaki mai taya, rufi na yoyo, ƙofa ba ta rufuwa sai an ɗaure ta da igiya. Ka saye shi a hannun wani mutumin Ƙuba da ya gaji da shi. Unguwa duk ta fito kallo, wasu na dariya. Kai kuwa ko a jikinka. Duk ranar da ba ka fita da motar alhazai ba, kana ƙarƙashinsa. Ka cire tsofaffin bututu ka sa sababbi, ka ɗaura tanki, ka sa dinamo mai tura ruwa, ka sa sakhan mai ɗumama shi. Duk wanda ya tambaya sai ka ce don jikoki kake yi.

Baban Usman, wane jika? A lokacin ko aure Usman bai yi ba. Jikan da ba a haifa ba ne yake bukatar ruwan ɗumi na alwala? Shi ne yake bukatar bayi mai kujera, da ƙarfen dafawa a bango? Na sani tun ran farko. Tun da gwiwa ta hana ni tsuguno na daina bin ku kashta, wato fita shan iska a sahara, ina cewa ba na son ƙura. Ba ka taɓa ƙaryata ni ba, ba ka kuma taɓa lallashina a gaban yara ba. Shiru ka yi, ka je ka gina mini hanyar fita. Ni ma shiru na yi, don na ga kana jin daɗin ɓoye alherinka, ban so in tona maka ba. Yau dai na faɗa. Na sani, kuma ban taɓa buɗe famfon nan ruwan ɗumi ya zubo a hannuna ban sa maka albarka ba.

Ka san inda ka bar shi, gonar amininka Alhaji Bukar a bayan Taima. Mu nan Madina sanyinmu na bargo ne da shayi, amma can in ya sauka har ruwan kwano yake daskarewa. Shi ya sa duk shekara, kafin sanyi ya kama, kake tsiyaye shi tas. Nakan zauna a kujera ina tsokanarka, ina cewa a ƙasar da rana ke narka kwalta kai tsoron ƙanƙara kake. Kai kuma ka ce ruwa in ya daskare kumbura yake yi, kuma ba ya neman izinin bututu. Ka ce muguntar abin ba a ganin ɓarnar sai zafi ya dawo, a cika tanki, a ji ƙasan ɗaki yana tsatsafo. Ba ka taɓa yin aikin nan da gaggawa ba. Yadda kake tuƙa tsofaffin alhazai a hankali, haka kake bi da bututun roba.

Bana ba ka samu yi ba. Ka cika tankin da hannunka a ƙarshen zafi, da niyyar mu koma in iska ta yi sauƙi. Ka dawo gida, zuciya ta tsaya, aka kai ka makwancinka. Ruwan yana can, ni ina ɗaki.

Hafsa ce ta gani a wayarta cewa sanyi mai tsanani na tafe arewa. Da Usman ya ji sai ya ce a sayar da karafan kawai kafin ya lalace, har ya fara neman mai saye. Kada ka ga laifinsa. Ba taurin zuciya ba ne, kallon abin ne ba ya iyawa. Tun ranar jana'izarka ban ga hawayensa ba, kuma ba ya ambaton sunanka. Na ce masa sayarwa ko ajiyewa magana ce ta gaba, amma ba zan bari aikin ubansa ya fashe daga ciki ba. Na ce ya same mu a can.

Muka kama hanya bayan sallar asuba, Hafsa na tuƙi. A hanya nake ta faɗa da raina. Gaskiya ba na son zubar da ruwan nan. Rigunanka an raba, takalmanka an bayar, motar aiki an mayar wa masu ita. Abin da ya rage yadda hannunka ya bar shi, ba wanda ya taɓa, shi ne wannan ruwa. Ta yaya zan buɗe masa ƙofa ya tafi? Amma in na riƙe shi, shi ne zai fasa duk abin da ka gina. Me za ka ce da ni in ka ga haka?

Mun tarar Usman ya riga mu, yana tsaye nesa da karafan kamar baƙo. Alhaji Bukar ya ba mu makulli, ya koma cikin gonarsa don kada mu ga idonsa. Na buɗe ƙofa, ƙamshin turarenka ya tare ni. Na ɗan zauna. Sannan na ce bismillah.

Ashe duk zaman da nake yi ina tsokanarka, idona yana karatu. Na sa Hafsa ta rufe gas ta kashe wutar sakhan tukuna, kamar yadda kake farawa. Na sa aka ɗaura dogon tiyo a bakin tanki aka kai shi gindin ƙananan dabinon Alhaji Bukar, don ba ka taɓa yarda ruwa ya zube a banza ba. Sai na zagaya neman makullan ruwan da kake kwanciya a ƙasa kafin ka kai gare su, ina tunanin yadda zan yi da gwiwata. Ka san abin da na gani? Kowane makulli ka ƙara masa dogon hannu na ƙarfe, ya fito har gefen karafan, daidai ƙuguna, ka shafa masa jan fenti. Ina tsaye na murɗa su duka. Yaushe ka yi wannan? Don bayanka ka yi, ko don gwiwata? Ko dai likita ya gaya maka abin da ba ka gaya mana ba? Ba zan sami amsa ba. Amma na san halinka: ba ka barin wa mutum aiki sai ka sauƙaƙa masa shi.

Ruwa ya kama gudu a tiyo. Muka buɗe famfuna duka, na zafi da na sanyi, na kicin da na bayi, har da ɗan ƙaramin nan na waje da ka sa ƙasa-ƙasa don wanke ƙafa, wanda makiyaya ke tsayawa su sha. Hafsa ta kunna dinamo na ɗan lokaci har ya fara tari, ta kashe. Ina tsaye ina kallon ruwanka yana shiga ƙasa a gindin dabino. Na zaci zan ji kamar an sake ɗauke ka. Sai na ji sanyi a raina, na ce Allah ya sa ko wannan ya zame maka sadaka.

Saura murfin da ke gindin sakhan, shi kam dole sai an shiga ƙasa. Usman ya tuɓe farar rigarsa ya kwanta ya shige. Muka ji yana fama, ƙarfe na zamewa. Can ya ce da Larabcinsa wai Abuya, wato kai, ya ɗaure abin nan kamar ba za a sake kwancewa ba. Ƙafafunsa kawai muke gani, sai muka ga suna rawa. Hafsa ta yunƙura, na riƙe hannunta. Yaron nan ya kwanta a inda kake kwanciya, ya yi kukan da ya riƙe tun ranar da ya sa ka a kabari. Da ya gama, murfin ya kwance, ruwa ya jiƙa masa fuska da ƙirji, ya fito yana dariya yana share ido.

Shi ya ƙarasa sauran. Ya ɗauko injin hura taya daga motarsa ya hura iska a bututu, a hankali yadda na gaya masa kana yi, famfo bayan famfo, har suka daina tofi. Ya kai tankin ƙazanta inda ake zubarwa ya wanke. Ni kuma na zuba jan ruwan nan mai hana daskarewa a kowace magudana, wanda ka ce kada a kuskura a musanya shi da na mota don na mota guba ne. Muka bar famfuna a buɗe, muka ja ƙofa.

A wurin shayi Usman ya tambaye ni, da Hausa wannan karon, ko gadon ciki zai ɗauki mai jego da jariri. Maganar mai saye ba ta sake tasowa ba.

Sanyin ya zo kamar yadda aka faɗa. Alhaji Bukar ya kira ya ce kwamin tumakinsa ya wayi gari kamar dutse, sai da suka fasa shi da guduma. Ya leƙa karafan, ya duba ko'ina, bai ga ko ɗigo ba.

Ka yi aiki mai kyau, Baban Usman. Ka yi zama mai kyau da ni. Ka shayar da mu, ka shayar da baƙin da ba ka san sunansu ba. Allah ya haskaka makwancinka, ya shayar da kai daga tafkin Manzon da kake maƙwabtaka da shi, shan da babu ƙishi a bayansa. Ka huta lafiya, sai na iso.

Matarka a duniya, mai roƙon zama taka a lahira,
Rabi