Lungun da Waya Ta Gani

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk masuntan tsallake.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san sai da furfura ta fito na shiga ajin yamma, ga shi yau murna ta cika ni. Amaryata ta zo! Jikata ta fari nake nufi, wadda ta karanci kwamfuta. Ta kwana biyu a gidana, har ta sa aka gyara ƙofar ɗakina mai kuka.

Ka san wahalar da ƙungiyarmu ta masunta ke sha in masu bincike sun zo duba ko kamunmu ba ya ƙarar da kifi, kafin su ba mu takardar shaidar da manyan masu saye ke nema. Takardu su jiƙe, sakatare ya yi ta sharce gumi. To, ita ce ke haɗa manhajar waya da za ta raba mu da wannan. Ka ɗauki hoton kamunka da na idon tarunka, wayar da kanta ta riƙe inda jirginka ya bi, masu bincike su gani suna zaune a ofis.

Na fita da ita a kwale-kwale don ta gwada. Ta karɓi filafili, muka yi ta juyi a wuri ɗaya. Na ce sakinta zan yi in auro wadda ta iya tuƙi, ta ce wa zai kwashi tsoho mai ƙarnin kifi?

Ka gaida kowa.
Yayanka.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na taya ka murna.

Ka ce wayar tana riƙe inda jirgi ya bi. Ina kuka bi? Na san ka, in daɗi ya kama ka ba ka iya ɓoye komai. Ka kai ta lungun Baba?

Kada ka manta, a bayan dogayen ciyayin nan kifi ke zuba ƙwai. Baba bai taɓa saka taru a ciki ba, mu ma ba mu saka ba, ko matanmu ba su san hanyarsa ba. Daga nan ruwan kowa ke cika da kifi. In ya hau taswira, sakatare zai gani, surukin sakatare kuwa shi ne mai jiragen inji. Kafin ka ce me, sun share shi tas.

Sannan yarinyar da sai a waya ake jin muryarta, me ya zaunar da ita haka? Ziyara ce, ko aiko ta aka yi?

Ka huta lafiya.
Auta.

Zuwa ga amaryata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kin sauka lafiya. Gidan ya yi shiru da kika tafi.

Kakanki Auta ya rubuto mini abin da ya sanyaya mini jiki. Sai na ji daga gare ki zan amsa masa. Na kai ki lungun mahaifinmu saboda murna, na ce jinina ce, ta ga abin da muka tsare. Yanzu ina ta tuna ranar. Da muka shiga cikin ciyayin kin daina dariya. Kin danna wayarki, kin juya mini baya kaɗan. Kin tambaye ni watan da kifin ke ƙwai, da na faɗa kika sake tambaya.

Ba na son zarginki, amma zargin ya shigo ya zauna. Ki faɗa mini gaskiya. Lungun yana cikin wayar? Wa ya gani?

Allah ya yi miki albarka.
Kakanki.

Kaka,

Ina gaishe ka da ladabi, kai da Kaka Auta. Don Allah ka tura masa wannan in ka karanta.

E, yana ciki, kuma da gangan na danna. Masu bincike ba za su ba ƙungiya shaida ba sai an nuna musu cewa ana kare inda kifi ke ƙwai. Da na ga wurin na san shi ne. Ya kamata in nemi izininka, ban nema ba, ka yafe mini. Ban tura wa kowa ba.

Hanya biyu ce. Ko in sa ɗigo a kan lungun, duk mai manhajar ya gan shi. Ko in zana fili mai faɗi a taswira, a hana kamu a cikinsa lokacin ƙwai, ba wanda zai san inda lungun yake a ciki. Masu bincike sun ce za su karɓi hakan. Sai dai na auna ta kowane gefe, in filin ya yi ƙanƙanta tamkar nuni ne da yatsa. Dole ya haɗa da gaɓar tsallake, inda Kaka Auta ke saka tarunsa. Ba zan zana ba sai ya yarda.

Aiki ne ya kawo ni, ba zan musa ba. Amma ranar da muka fita ruwa aikin ya ƙare, sauran kwanakin naka ne, angona.

Jikarka.

Yaya,

Salam. Na karanta.

Na yarda, ta zana fili mai faɗin. In lokacin ya yi zan naɗe taruna in koma ƙasan gada, ko da kamun can bai taka kara ya karya ba. Kada sakatare ya ji dalili.

Ɗigon kuwa, ta kawo wayar nan ta goge shi a gabana, ina kallo. Kai kada ka biyo ta, za ka yi ta washe baki ka ɗauke mini hankali.

Ban yarda da wayar ba har yanzu. Yarinyar dai, a turo ta.

Auta.